Ragar da Doña Nicolasa Ba Ta Ƙarasa Ba

Jama'a, abin nan da likitocin gashin ƙashi, masu motsa gaɓoɓin majinyata, suke ta bincike a kai yanzu, ni Eustorgio na riga su gani. Ban taɓa zama a aji ba, amma na yi shekara hamsin ina kora alfadarai a duwatsun San Jacinto, kuma na san duk wanda ya gurɗe aka bar shi a turke don tausayi ba ya sake hawa tudu. Malamin makarantarmu Wilfrido, da duk karatunsa, bai san wannan ba.

Uwarsa Doña Nicolasa ita ce gwanar saƙa ragar kwanciya a unguwarmu. Ranar da ɓarin jikinta na dama ya shanye, a gaban masaƙa ta faɗi, tana tsakiyar aikin wata raga ja da take saƙa wa Wilfrido da sunansa a jiki. Rabin sunan kawai ta kai.

Da aka sallamo ta daga asibiti, sai aka riƙa turo wata likitar gashi, Yuleidis, sau uku a mako a kan babur. Ta ce wa Wilfrido watannin farko su ne kasuwa, in ta watse sai tsintar abin da ya rage. Ta sa wa tsohuwa safa a hannun hagu mai lafiya, ta ajiye mata ƙoƙon masara ta ce ta tsince da na dama, ƙwaya ƙwaya. Da la'asar kuma ta fito da ita ƙofar gida, inda kowa yake zaune a kujerarsa yana shan iska, ta ce ta taka zuwa gindin mangwaro.

Wata maƙwabciya ta hango ta, ta ce, "Nicolasa, dambe za ki shiga da tsufanki?"

Tsohuwa ta ce, "Da ke zan fara." Ta yi dariya da karkataccen baki, yawu ya zubo mata a riga.

Daidai nan Wilfrido ya dawo daga makaranta, da farar rigarsa mai guga. Ya ga uwarsa tana jan ƙafa, safa a hannu, iyayen ɗalibansa suna kallo. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sungume ta ya kai ta ciki, ya fizge safar.

Ya ce, "Likita, uwata ba abin wasa ba ce."

Yuleidis ta ce, "Malam, ita da kanta ta ce a fito da ita. Hannun da ake yi wa komai mantawa yake da aikinsa."

"Da wanne za ta ci abinci, in kin ɗaure mai lafiyar? Ina da hannu biyu, sun ishe mu. Sauka lafiya."

Ya rataya mata mafi kyawun ragarta a ɗakin baya, ya rufe taga, ya ce kwana arba'in ba iska ba raɓa, kamar yadda kakanni suke yi wa majinyaci. Shi yake ba ta romon kifi a baki, shi yake riƙe mata kofin kofi. Unguwa ta ɗauki yabo, ana cewa ɗa na gari ke nan. Yabon ya yi masa daɗi, kwana arba'in suka zama wata tara.

Ranar wata Lahadi ta ce, "Wilfrido, kai ni masaƙa."

Ya ɗago ta, sai ya ji gwiwarta ta ƙi miƙewa, ta lanƙwashe kamar yadda raga ta koya mata. Ya zaunar da ita gaban jan zaren da ya yi ƙura, ya kama hannun damanta zai ɗora mata itacen buga zare. Yatsun sun dunƙule, farata sun shiga tafin hannu har sun yi miki. Wata tara yana wanke mata fuska, bai taɓa buɗe hannun ya duba ba.

Da ƙafa ya je ya roƙo Yuleidis, bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Ta zo ta daɗe tana lallaɓa yatsun. Ta ce, "Za mu warkar da mikin, mu rage mata zafi, wataƙila ta tsaya da sanda. Saƙa kam, kada in yi muku ƙarya."

Tsohuwa ta dubi ɗanta, ba faɗa ba kuka. Ta ce, "Sau uku na tambaye ka ina safata. Ka ce in huta."

Ragar tana nan a masaƙa da rabin sunansa. Ya hana a kwance ta, kuma ya kasa shiga ɗakin da masaƙar take. Yanzu ta bayan layi yake zuwa makaranta, don har yau akwai masu tare shi su ce masa ɗa na gari.

Ku ji ni da kyau: kunyar idon mutane da tausayin da ba ilimi su suka cinye hannun nan, ba ciwon kaɗai ba. In likitan gashi ya ce majinyacinku ya motsa, ku bar shi ya motsa, ya zubar da miya, ya yi tuntuɓe a gabanku.

Ni ma a watan da ta faɗi na faɗi da irin ciwonta, ɓari ɗaya, likita ɗaya. Na sa safar nan wata uku a bainar jama'a, ana ce mini Tsoho Mai Safa, ban kula kowa ba. Wanda yake ganin cika baki nake yi, gidana na kusa da mahauta. Ya zo ya miƙo mini hannun dama, mu ga wanda zai fara cewa a sake shi.