Mai Shagon Yadi da Masuncinsa

Malam Hudu, tunda ka kawo mini zancen wasan nan naku na waya, zauna in ba ka misalin wasu mutum biyu, kai ma ka auna.

A wata babbar madatsar ruwa ana yin gasar kamun kifi duk shekara, gab da faɗuwar damina. Masuntan da suka yi suna ne ke shiga, kowa da kwalekwalensa da ƙugiyarsa, ranar ƙarshe a haɗa nauyin abin da kowa ya kama. Sai 'yan birni suka ƙirƙiro tasu gasar a waya: mutum ya zaɓi wasu daga cikin masuntan ya ce su ne tawagarsa, duk kifin da suka ɗora a sikeli shi ake rubuta wa maki, wanda ya fi maki ya ɗauki sabuwar mota. Cikin masu wannan wasa akwai wani mai shagon yadi, mutumin da ruwan bokitin wanka ne mafi zurfin ruwan da ya taɓa shiga. Ya zaɓi wani masunci magidanci, ba don ya san shi ba, sai don ya ga sunansa a sama. Masuncin kuwa ya yi ta kawo giwan ruwa manya manya, makin mai shago na ta hawa. Yana zaune ƙarƙashin fanka yana shan lemo, yana gaya wa masu ciniki, "Yau na kama kifi ya kai maraƙi." Shi ya kama, ka ji fa.

Ranar ƙarshe hadari ya taso daga gabas, ruwa ya yi baƙi, iska na ɗaga igiyar ruwa har ƙirji. Masu gasa suka ce wanda ya ga ba zai iya ba ya zauna, ba laifi. Masuncin ya dubi sama, ya ja kwalekwalensa tudu, domin ya san ruwan nan, a cikinsa ya rasa ƙanensa. Da labari ya iso birni, hankalin mai shago ya tashi. Ya nemi lambar masuncin, ya yi ta kira ba ƙaƙƙautawa. Ya yi lallashi, ya yi gori, ya ce ai namiji ba ya gudun ruwa, ya ce an ɗauke shi gwani ashe matsoraci ne. Da ya ga bai ci ba sai ya rantse masa da Allah cewa in motar ta zo, shi zai saya masa injin da zai ɗora wa kwalekwalensa. Masuncin ya daɗe yana burin injin nan, kafaɗunsa sun gaji da tuƙi. Matarsa ta riƙe masa riga, ya janye, ya tura jirgi cikin ruwa.

Ya kuwa haɗu da kifin da bai taɓa haɗuwa da irinsa ba. Giwan ruwan ya fizgi zare, zaren ya naɗe masa yatsu, iska ta kwashi kwalekwalen ta maka shi a kan wani kututture da ruwa ya shanye. Jirgin ya dare biyu. Masuncin bai saki kifin ba. Abokan sana'a ne suka tsamo shi, kifin a rungume, hannun dama jina-jina. A asibiti aka cire masa yatsu biyu. Alƙalan gasa suka auna kifin, amma jimillarsa ba ta kai shi na ɗaya ba, aka sallame shi da tabarma da buhun gishiri. Kifin nan dai shi ya ɗaga mai shago sama da kowa a waya. Aka kai masa mota har ƙofar shago, aka yanka rago, maroƙa suka cika layi suna masa kirari da Sarkin Ruwa, shi kuma yana bayanin yadda ake sanin inda kifi ke kwana.

Da ciwo ya lafa, masuncin ya hau motar haya ya zo birni, ya yi tambaya har ya sami shagon. Ya yi sallama. Mai shago ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a ba shi sadaka ya wuce, don bai taɓa ganin fuskarsa ba, suna kawai ya sani. Da masuncin ya faɗi sunansa, ya ɗaga hannun da aka cire wa yatsu, sai mai shago ya ce, "Allah sarki. Ai zancen inji zancen wasa ne, malam, kowa ya san ƙwaƙwalwata ce ta ci motar nan, ni na iya zaɓe." Ya sa almakashi ya yanko ƙyalle daga ragowar wani yadi, ya miƙa masa ya ce ya ɗaure hannun kada ƙuda ya dame shi. Sa'an nan, mutumin na tsaye a gabansa, ya ɗauki waya ya goge sunansa daga tawagar baɗi, ya sa wani mai yatsu goma.

Masuncin bai karɓi ƙyallen ba. Ya koma bakin ruwa, ba jirgi, ba hannu, yana gyara wa wasu koma su ba shi na abinci. Mai shago kuwa har yau in ya wuce a motar, yara na ɗaga masa hannu suna cewa ga Sarkin Ruwa.

To ka ji, Malam Hudu. Ban hana ka wasa ba, amma duk sunan da ka latsa a wayar nan, ka sani mutum ne mai iyali, kuma jininsa ne makinka. Ba a banza Hausawa suka ce ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.