Tsohon da Ya Yi wa Taken Ubangidansa Tsaga

Kai da kake cewa ba ka ga abin yarda a mutanen yanzu ba, matso in ba ka misali, don na ga zargi ya fara cin ka.

An yi wani tsoho mai busa algaita a wani gari na bakin kogi. Duk abin da ya gada wurin ubangidansa take ne guda ɗaya, mai tafiya a hankali, wanda ubangidan ya tsara shekarar da matarsa ta rasu. Idan aka busa shi, ko mahauci sai ya ajiye wuƙa. Ubangida ya riga mu gidan gaskiya, sauran da suka yi koyo tare duk sun bi shi, ya zamana ƙirjin tsohon nan kaɗai ke riƙe da taken. Shi ma haƙora sun fara yi masa sallama. Ran nan sai ga magidanta huɗu daga birni, kowa da saksofon a akwati, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa da ake busa kiɗan jaz da shi. Suka durƙusa suka gaishe shi, suka ajiye goro, suka ce koyo suka zo kada taken ya ɓace. Tsoho ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ladabin nasu ma ya yi masa yawa. A ransa ya ce ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan kwashewa za su yi, su kai gidan rediyo su ce nasu ne. Kora kuma babu hali, tunda ya riga ya fasa goronsu. Sai ya yi dabarar mai akuya, ya yi wa taken tsaga a kunne. Akwai wani wuri dab da ƙarshe inda busar ke sauka ƙasa a hankali, kamar mai sauke tulu. Shi kuwa da ya zo nan sai ya haye sama ya karkace. Duk ranar da ya ji wannan karkata a bakin wani, ya kama ɓarawonsa, ainihin kuma yana nan a ɓoye wurinsa. Kwana bakwai yana busa musu haka. Babbansu ya taɓa tambaya, "Baba, nan wurin haka marigayi yake yi?" Tsoho ya ce, "Haka na same shi."

Bayan kaka suka aiko da mota a kai shi birni ya ji aikinsu. Ya shiga zauren da za a yi wasan da la'asar, yana raba ido kamar wanda ya zo kasuwa neman dabbar da aka sace masa. Kafin a fara, babban nasu ya ambaci sunan marigayi, ya ambaci na tsohon, ya sa aka tafa masa. Tsoho ya ce a ransa, wayo ne, so ake a toshe mini baki. Aka fara busa. Babban ƙahon ya kwanta a ƙasa yana gurnani, biyu suka tsaya a tsakiya, ƙaramin ya ɗauki taken. Ba a jima ba kowa ya saki hanyar taken ya shiga daji da busarsa, tsoho ya gyara zama ya ce, yawwa, ɓad da sawu ke nan. Amma duk wanda ya yi nisa sai ya dawo ya miƙa wa ɗan'uwansa taken lafiya lau, babu abin da ya zube. Tsoho ya nemi wurin da suka raina taken, ya rasa. Can kewar ubangidansa ta kama shi, irin wadda rabonsa da jin ta tun ranar jana'iza. Sai aka iso wurin tsagar. Su huɗun suka sassauta, suka tallabi ƙaryar nan kamar ƙwai, suka maimaita ta har sau uku. Da aka tashi, babbansu ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, nan wurin ne ya fi kama mu. A nan muka ji kukan marigayi." Kunya ta rufe tsoho, ya kasa ɗaga ido.

Ya koma gida da niyyar aika musu su zo ya faɗi gaskiya. Ya ɗauko algaita ya fara taken don ya tabbatar, ya zo dab da ƙarshe, yatsu suka haye sama suka karkace. Ya sake, haka. Ya ajiye algaita ya gwada da baki, sai ƙahonin nan huɗu yake ji a kunnensa. Ya san sauka ake yi, amma ta ina, da taki nawa, ya ɓace masa ƙurmus. Mako guda yana lalube, kuma babu wanda zai tambaya, duk suna ƙarƙashin ƙasa. Yau rediyo na sa taken da sunan marigayi a kansa, mutane na yabon karkatar da bai taɓa busawa ba. Mutum huɗun nan ko tsinke ba su sata ba. Wanda aka bar wa amana shi ya ɓatar da ita.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai za ka faɗa.