Madarar Maigida

"Ku dai sha madara, tana wanke dalma," in ji mai masana'antar batir, daga bakin ƙofa kamar kullum.

Tsohon da ke narka dalmar ya dubi kumburarrun yatsunsa, waɗanda ko lanƙwasuwa ba sa yi. Likita ya ce hayaƙin dalmar ne ke rura kumburi a jininsa.

Tsohon ya jawo kujera gaban tukunyar dalmar. "Shigo mu tattauna, ranka ya daɗe. Ga madararka."

Maigida yana shiga, sauran ma'aikata suka cika ƙofar. Bai sha rabin kofi ba ya amince, cikin tari, a kafa injin zuƙe hayaƙi.

Bayan watanni kumburin ya sauka. Tsoho ya je nuna wa maigida, ya dunƙule hannu tamau.

Maigida ya ja da baya.