Yatsu Goma Sha Biyar

"Baba, don Allah ka daina motsi! Sau nawa zan faɗa?"

Mai hoton ya ɗaga murya har ƙanwarsa ta leƙo daga kicin. Sabuwar dabara yake gwadawa: hoto uku a jere, mai duhu, mai haske da matsakaici, sai kwamfuta ta haɗe su, hasken taga da duhun lungu duk su fito sarai. Sharaɗin ɗaya ne, kada komai ya motsa.

Tsohon ya gyara zama a bakin taga. "Yi haƙuri, a sake."

Aka sake. Mai hoton ya shiga ɗaki, ƙanwar na biye da shi, ya haɗa hotunan. Labule ya fito zare-zare, furfura ɗai-ɗai. Amma hannun daman da ke kan gwiwa, yatsu goma sha biyar gare shi.

Ya ja tsaki. "Kin gani? Ya sake ɓata min."

Ƙanwar ta yi ƙasa da murya. "Yaya, tun bara hannun nan ke rawa. Ni ke riƙe masa kofin shayi. Shi ya hana a gaya maka."

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ƙara girman hoton, ya haskaka inuwar da ke bakin hannun riga. A can, hannun hagu ya damƙe na daman, jijiyoyi sun tashi, farce ya nutse cikin fata.

Daga falo tsohon ya ce, "Ya yi kyau, ko a sake?"