Katunan Umma

Kati na ashirin da uku 'Yar Baba take liƙawa a bangon zauren baje koli, sai ga Inna, yayar mahaifiyarta, ta shigo tana dogara sanda.

'Yar Baba tana shekara biyu mahaifiyarta, Umma, ta bar gida. Abin da ta sani game da ita bai wuce katunan nan ba: kowace shekara ɗaya, hoton gada ko tashar jirgi a gaba, hatimin wani gari daban a baya. Baba ne ke kawo mata su daga gidan waya inda yake aiki, ya ajiye a kan tebur ba tare da ya kalle su ba.

Rubutun da ke kan katunan ne ya sa ta karanci zane a jami'a. Haruffa siri-siri, sun jingina baya kamar ciyawa a iska, wutsiyar kowane "y" ta naɗe sau biyu. Malamanta sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

Shekara uku ke nan katin bai zo ba, tun da Baba ya yi ritaya. Shi ya sa ta shirya bajen, ta watsa hotunan ko'ina, ko wani zai gane hannun ya faɗa mata inda Umma take.

Inna ta daɗe tana bin bangon da kallo. Ta ce ita dai ƙanwarta, a saninta, ko sunanta da ƙyar take haɗawa a rubuce. 'Yar Baba ta yi dariya, ta ce ai mutum yana koyo a duniya.

Da la'asar maƙwabci ya turo Baba a keken guragu. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun damansa ya mutu, tunaninsa ma sai ya tafi ya dawo. Ya ƙi ɗaga kai ya dubi bango.

'Yar Baba ta ɗora masa littafin sa hannun baƙi a cinya.

"Baba, kai kaɗai ka rage. Ko da na hagu ne, ɗan ja min layi."

Ya karɓi biro da hannun hagu. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya tafi sumul, kamar wanda ya shekara ashirin da uku yana wannan aiki a ɓoye, haruffa suna jingina baya, wutsiyar "y" tana naɗewa sau biyu.

Daga bayanta ta ji sandar Inna ta faɗi ƙasa.

"Malam, ina ka kai min ƙanwata?"