Rigar Mamaci da Allon da Ya Ƙi Buɗe Ido

Tunda ka fara karɓar kayan mutane kana gyarawa, gyara zama in ba ka wani misali. Ka dai san ni ban iya ƙarya ba, sai dai in zance ya yi lami in yayyafa masa ɗan gishiri.

An yi wani mai gyaran kwamfuta da ke cika baki cewa babu na'urar da ta taɓa gagararsa. Wai shi ba ya ma bukatar dubawa, kunne kawai zai kasa ya ji kukanta, ya gaya maka inda ke mata ciwo. Ana nan sai wata mata da ta fita takaba ta aika a kira shi. Mijinta ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, irin mai ƙaton akwati da allo mai ƙeya kamar tulu. Shi mutum ne da ba ya son a wanke hoto a rataye a bango, don haka duk hotunansa suna cikinta. Ita kuwa wani abu ya fara ba ta tsoro. In ta rufe ido tana jin muryarsa sarai, amma fuskarsa ta fara narke mata kamar sabulu a ruwa. Fuskar take so ta sake gani kafin ta ɓace mata gaba ɗaya.

Tun ranar da aka fita da shi ba a taɓa komai a ɗakin ba, ita ma iyakarta bakin ƙofa. Rana tsaka ce amma ciki duhu, labule a sake, ƙanshin turarensa bai gama fita ba. Takalmansa na ajiye kamar yanzu zai zo ya zura ƙafa. Farar babbar rigarsa na rataye a ƙusa, hularsa a sama. Mai gyara ya zauna a kujerar mamacin, ya ba rigar baya, ya danna maɓalli. Fankar cikin kwamfutar ta ja numfashi, akwatin ya yi ƙara sau ɗaya, tiit, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya kashe, ya kwance akwatin, ya hure ƙura, ya zare ram, wato ɗan falankin ƙwaƙwalwarta, ya goge da robar goge fensir ya mayar. Baƙi. Ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Baƙi. Ya matse wayar da ta haɗa akwati da allo har yatsunsa suka yi zafi. Ɗaya wayar kuwa, mai kai wa allon wuta, wadda ta nutse ƙarƙashin ledar ɗaki ta ɓace, bai bi ta ba. Ai wannan binciken na 'yan koyo ne, ba na gwanaye ba.

Ya sake kunnawa, ya ɗaga kai yana share gumi. Sai ya ga wani abu a cikin baƙin gilashin. Bayan kafaɗarsa akwai wani dogo tsaye, fari fat, da hula a ka, inda fuska ya kamata ta kasance kuma babu komai sai duhu. Iska ta taɓa labule, abin ya ɗan motsa. Ya kasa waiwayawa. Tsoro da kunya suka haɗu masa, maimakon ya ce "ban gano ba", wadda ba ta taɓa kashe kowa ba, sai ya ce: "Hajiya, wannan ba aikin gyara ba ne. Mai ita ne ya riƙe ta. Ga shi nan ina ganinsa da farin gemunsa, ya haɗe rai. Ƙarar nan da kika ji nishinsa ne, ni na san kukan. Cewa yake a bar masa kayansa."

 Matar ta tuɓe takalmi, ta yi bisimilla, ta shiga ɗakin da ta daɗe tana gudu. Ta wuce kai tsaye zuwa inda gwani ya kasa waiwaya, ta sauke hular, ta ɗauke rigar daga ƙusa ta rungume a ƙirji. A bayan rigar akwai soket, a cikinsa kuma filogin hitar da aka ɗumama ruwan wankan mamacin da ita. Filogin allon na nan ƙasa yana reto, tun ranar da aka cire shi cikin kuka da gaggawa, wani kuma ya rataye riga a kai. Ta zare wancan, ta cusa wannan.

Gilashin ya yi ƙas-ƙas, haske ya taso a hankali kamar ketowar alfijir. Sai ga mijin ya cika allon, hotonsa na wata Sallah, yana dariya har wushiryarsa ta fito, haɓarsa sumul kamar ƙwai. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na sauka kan rigar. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce: "Malam, mijin wa ka gani da gemu? Nawa dai har ya koma ga Allah ko tsinke bai tsiro masa a haɓa ba."

Ƙarar nan guda ɗaya kuwa, wadda gwanin kunne ya fassara da nishin mamaci, a yaren na'urar ma'anarta ita ce: lafiyata ƙalau, ku dai ba ni ido. Mutumin ya tattara kayan aikinsa, an ce har ya kai titi da takalmi a hannu. Don haka in allo ya yi maka baƙi, bi waya da idonka har bango kafin ka tayar da matattu. Hausawa sun riga sun gama magana: gani ya kori ji.