Tsawon Bigoniya

Tun daga Gashuwa Haladu yake zagin direba a zuciyarsa. Mutumin ya bar hannun hagu da aka saba tuƙi a kai, ya kama hannun dama ya ƙi saki, sauran motocin ma duk sun biye masa kamar mahaukata. Da suka isa Haɗeja bai tsaya kula kowa ba, ya diro daga bayan mota ya nufi unguwarsu.

Abin da yake iya tunawa kaɗan ne. Ranar su ce, ana kamun kifi a wani tafki kusa da Auyo, masuntan gari biyu suka kaure da faɗa a kan iyaka. Ya ga an soke maƙwabcinsa Bunu da mashin kifi a ciki, ya yi kansa zai ɗago shi, sai wani ya sauke masa sandar tuƙa kwalekwale a ƙeya. Daga nan sai guntu-guntu: ƙaurin banda, yaren Barebari, sarƙa a ƙafa. Juma'ar da ta wuce hankalinsa ya dawo masa a tsakiyar kasuwar Gashuwa. Ya tambayi 'yan kifi yaushe ya zo garin, suka ce su ma a nan suka tarar da shi.

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ya san shekara huɗu alƙali yake sa matar wanda ya ɓace ta jira. Idan ba su cika ba, Rahmatu matarsa ce har yanzu. Ita ya bari a gida da ɗansu Tukur, wanda ko haƙoran wuri bai fara zubarwa ba.

Yana da abin da zai gaya masa gaskiya. A da shi ne mai lambun Baturen gona. Shekarar samun 'yancin kai, da za su koma ƙasarsu, matar Baturen ta yanko masa reshen wata shuka da take ajiyewa a falo, ta ce sunanta bigoniya. Karanta gaɓa-gaɓa kamar gora, ganyenta dogo mai ɗigon fari, bayansa ja. Ta ce rana tana ƙona ta, sai cikin ɗaki kusa da taga. Ta ɗaga yatsu uku, ta kai tafin hannunta daidai kansa: shekara uku, tsawon mutum. Ya dasa ta a tsohuwar randa cikin turakarsa. Ba ta fi taƙi ɗaya ba a ranar da ya tafi su.

Ana cikin zafin azahar ya shiga gidan. Zauren da ya sani na ƙasa yanzu an shafe shi da siminti. Kuɗin wani ƙato ne, in ji shi a ransa. Babu kowa a tsakar gida sai tunkiya da tukunya a kan murhu. Ya ɗaga asabarin turaka.

Bigoniyar tana nan a randarta, kusa da taga. Ya matsa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita. Ganyenta na sama daidai kansa.

Shekara uku.

Sai ya ga gadon. Wani dogon mutum mai saje yana kwance a kai yana barcin rana. A jikinsa akwai rigar saƙin Haladu, wadda ya yi aure da ita. A gefensa ga kwanon tuwon Haladu, an cinye an rufe.

Haladu ya koma tsakar gida ya ɗauko taɓarya.

Dukan farko a haƙarƙari ya same shi. Mutumin ya zabura ya faɗo ƙasa, ya ɗaga hannu yana kare kansa.

"Baba, lafiya? Me na yi maka, Baba?"

Wato har ba'a zai yi masa, yana ce masa Baba, shi Haladu da ko talatin bai cika ba. Haladu ya sauke taɓaryar a hannun da aka ɗaga, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Mutumin yana da ƙarfi. Ya rarumo ƙafarsa da ɗaya hannun ya fizge shi, suka zube tare a kan randa. Ta dare biyu, ƙasa mai laima ta watsu, shukar ta kwanto a kansu. Suka yi ta birgima cikin ganye. Mutumin ya shaƙe shi har idonsa ya fara rufewa, amma da ya ji wuyan da yake riƙe ba shi da nama sai ya sassauta. Nan Haladu ya lalubo guntun fasasshiyar randar mai kaifi, ya kafta masa a gefen wuya. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har hannun da ke kansa ya saki.

Yana zaune yana haki wata tsohuwa ta faɗo ɗakin, tulu ya suɓuce daga kanta ya fashe a bakin ƙofa. Furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Ya ɗauka surukarsa ce, har sai da ta yi salati ya ji muryar. Ta durƙusa cikin jinin, ta danne wuyan mutumin da gyalenta. Sannan ta ɗago ta dubi Haladu, ta daɗe tana dubansa.

"Haladu? Kai ne?"

"Shekara uku kacal, Rahmatu," ya ce, yana nuna shukar da ke kwance. "Ko huɗun ba ki iya jira ba. Ga shaida nan, da kaina na gwada."

Ta dubi shukar, ta dubi wanda ke kan cinyarta, wanda ya riga ya daina motsi.

"Ai tun da ta kai tsawon mutum ta tsaya, ba ta sake ƙarawa ba," ta ce. "Shekara goma sha biyar nake jiranka, Haladu. Wannan Tukur ne."